Buddy Holly: Wata 18 na Shahara da Abin da Ya Kai Shi Jirgin Ƙarshe

Da ƙarfe ɗaya saura minti biyar na daren Talata, 3 ga Fabrairu 1959, wani ƙaramin jirgin sama mai kujeru huɗu ya tashi daga filin jirgin Mason City a jihar Iowa ta Amurka. Mintuna kaɗan bayan tashinsa ya faɗi a wata gonar masara da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, nisan da bai kai kilomita 10 daga filin jirgin ba. Duk mutum huɗun da ke ciki suka mutu nan take: matuƙin jirgin, Roger Peterson, mai shekara 21; mawaƙi J.P. Richardson, wanda duniya ta sani da Big Bopper, mai shekara 28. Mawaƙi Ritchie Valens, yaro ɗan shekara 17. Da mawaƙi Buddy Holly, wanda shi ya yi hayar jirgin, yana da shekara 22.

Yawanci idan za a ba da wannan labari, kan ƙuri'a ake tsayawa. An ce an jefa tsabar kuɗi sama don a raba gardamar wanda zai hau kujerar da ta rage, wanda ya ci ƙuri'ar ya mutu, wanda ya faɗi ya rayu. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma ya dace da abin da muka yi imani da shi, cewa ajali idan ya yi kira ba a yi masa jinkiri. Amma ko a wurinmu, bayan an yi ta'aziyya an shafa fatiha, akan tambayi sanadi. Ni abin da ya dame ni a tarihin Holly shi ne sanadin. Me ya fitar da mawaƙin da faifansa ya sayu a Amurka da Ingila da Ostireliya, sabon ango mai mata da juna biyu, ya shiga yawon kiɗa a ƙananan garuruwa cikin tsakiyar hunturu a motar da ba ta da abin ɗumama jiki? Amsar tana komawa ga kuɗi, da wanda yake riƙe da su.

An haife shi ranar 7 ga Satumba 1936 a Lubbock, garin noman auduga a yammacin jihar Texas. Sunansa na yanka Charles Hardin Holley, shi ne autan 'ya'ya huɗu a gidan talakawa masu riƙo da cocin Baptist. Lubbock na wancan zamani gari ne da aka haramta sayar da giya, kuma doka ta raba farare da baƙaƙe a makaranta da unguwa. Kiɗan da yaro farar fata yake tashi da shi a can shi ne kiɗan ƙauye na makiyayan shanu da waƙoƙin coci. Da shi Holly ya fara, shi da abokinsa Bob Montgomery, har suka samu fili a gidan rediyon KDAV na garin. Sai dai idan dare ya raba, tashoshin rediyo masu nisa suna shigowa, kuma ta nan ya riƙa jin kiɗan baƙaƙen Amurka, mai nauyin ganga da jan murya. Wannan gamayya ta kiɗan farare na karkara da kiɗan baƙaƙe ita ce asalin abin da aka kira rok an rol, kuma duk wanda zai yi adalci sai ya faɗi cewa kaso mafi girma na ruhinsa daga baƙaƙe ya fito.

A 1955 mawaƙin rok an rol Elvis Presley ya zo wasa Lubbock, Holly na cikin yaran gari da suka buɗe masa fage. Daga nan ya sauya hannu. A ƙarshen shekarar wani mai farautar mawaƙa daga Nashville, cibiyar kamfanonin kiɗan ƙauye a jihar Tennessee, ya gan shi yana buɗe fage ga mawaƙi Bill Haley, kuma a farkon 1956 kamfanin Decca ya ba shi kwantiragi. A takardar aka yi kuskuren rubuta sunansa, aka bar harafi ɗaya, Holley ya koma Holly, shi kuma ya bar shi haka.

Zaman Nashville bai yi albarka ba. Manyan situdiyon can suna da tsarinsu: su suke zaɓar makaɗa, su suke faɗin yadda za a rera, kuma agogo yana tafiya da kuɗi. Yaron da ya saba buga jitarsa da abokansa ya ga an ɗaure masa hannu. Faya-fayan ba su sayu ba, a Janairun 1957 Decca ta sallame shi, tare da sharaɗin cewa waƙoƙin da ya ɗauka a wurinta ba zai sake ɗaukarsu a wani kamfani ba har shekara biyar.

A nan Norman Petty ya shigo, kuma a kansa ya kamata a daɗe, domin shi ne mutumin da ya fi kowa amfanar Holly, shi ne kuma wanda ya fi kowa shiga tsakaninsa da haƙƙinsa. Petty yana da ɗan situdiyo a garin Clovis na jihar New Mexico, tafiyar awa biyu daga Lubbock. Ba ya cajin awa, waƙa yake caji, don haka yara suna iya kwana suna gwaji har sai abin ya zauna. Wannan 'yanci shi Holly ya rasa a Nashville. Ranar 25 ga Fabrairu 1957 suka ɗauki “That'll Be the Day” a Clovis. Tun da waƙar tana cikin waɗanda Decca ta hana shi maimaitawa, sai aka ɓoye sunansa aka fitar da ita da sunan ƙungiya, The Crickets, wato gyare, ƙwaron nan mai kuka da dare. Kamfanin da ya karɓe ta, Brunswick, reshen Decca ne da kansa. A Satumban 1957 ta hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da suka fi sayuwa a Amurka, a Nuwamba ta hau na ɗaya a Ingila. Daga nan aka shirya abin gida biyu: wasu waƙoƙin su fito da sunan Crickets a Brunswick, wasu da sunan Buddy Holly a Coral, wani reshen na Decca.

Abin da suka yi a wannan ɗaki na Clovis shi ne dalilin da har yau ake maganarsa. A lokacin, mawaƙi daban, marubucin waƙa daban, makaɗa daban, kowa kamfani ne yake ɗauko shi. Elvis da kansa ba ya rubuta waƙoƙinsa. Holly da abokansa, Jerry Allison mai ganguna, Joe B. Mauldin mai babbar jita mai kaurin sauti, da Niki Sullivan mai jita ta biyu, su suke tsara waƙarsu, su buga, su rera, su tsaya a kan yadda za a ɗauke ta. Jita biyu, babbar jita ɗaya, ganguna: wannan zubi na mutum huɗu shi ya zama ma'aunin ƙungiyar rok na shekaru masu yawa bayansa. Kuma ba su jin tsoron gwaji. A wata waƙar Allison cinyarsa ya riƙa tafawa a madadin ganga, matar Petty, Vi, tana buga wani ƙaramin abin kiɗa mai sautin ƙararrawa. A wata kuma kwali ya buga. A wata Holly ya ɗora muryarsa a kan muryarsa, ya zama shi ne mai bayarwa shi ne mai amshi, a zamanin da na'urar ɗaukar sauti ba ta sauƙaƙa irin wannan ba. Ga kuma kamanninsa: siriri, dogo, da tabarau mai kaurin baki, yana rungume da jitar Fender Stratocaster. Ba shi da kyan Elvis, kuma wannan ya zama ƙarfinsa, domin duk yaron da ya kalle shi yana iya cewa ni ma zan iya.

To, ga ɗaya fuskar. Petty ya zama furodusa, ya zama manaja, kuma kamfaninsa ne yake riƙe da haƙƙin buga waƙoƙin. Kuɗin da suka shigo ta hannunsa suke bi, yaran sai dai su nema a ba su. Sannan yana saka sunansa a cikin marubutan waƙa, wanda ke nufin kason ciniki na har abada. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan wannan ita ce “That'll Be the Day” ɗin kanta: Holly ya riga ya ɗauke ta a Nashville tun Yulin 1956, watanni kafin a ɗauke ta a Clovis, amma da ta fito, sunan Petty yana jere da na Holly da Allison a matsayin marubuci. A kan “Peggy Sue” kuwa, sunayen Allison da Petty ne suka fito da farko, sai bayan mutuwar Holly aka ƙara nasa. Masu kare Petty suna cewa haka al'adar kasuwar take a wancan lokaci, kuma ladan dararen da ya ba su kyauta ne yake karɓa ta wannan hanya. Akwai gaskiya a ciki, don ba shi kaɗai yake yi ba. Amma yawan masu aikata abu ba ya mayar da shi daidai. Yara ne 'yan shekara ashirin ko ƙasa da haka, ba lauya, ba akanta, sun ba da amana ga babba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara ɗaya da rabi da ta biyo baya gudu ce ba tsayawa. A Agustan 1957 sun yi mako guda a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a New York, gaban 'yan kallo baƙaƙe da ba su karɓe su nan take ba sai da suka ji hannunsu. A Disamba suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan. A farkon 1958 suka je Ostireliya, a Maris suka zagaya Ingila kwana 25.

A New York ya haɗu da María Elena Santiago, 'yar asalin Puerto Rico, mai aiki a ofishin wani kamfanin buga waƙoƙi. Ranar da suka fara fita tare ya nemi aurenta, aka ɗaura a Lubbock ranar 15 ga Agusta 1958. Ba a yayata auren ba, saboda masu kasuwar suna ganin 'yan mata ba za su sayi faifan mai aure ba, kuma auren farar fata ɗan Texas da 'yar Puerto Rico ba abu ne da kowa zai yi murna da shi a lokacin ba. María Elena ta san yadda lissafin wannan kasuwa yake, kuma zuwanta ya zo daidai da lokacin da Holly ya fara tambayar ina kuɗinsa. Kafin ƙarshen 1958 ya raba gari da Petty ya koma New York da zama, a unguwar Greenwich Village. Abin da ya fi yi masa ciwo, Allison da Mauldin suka zaɓi zama da Petty, kuma sunan Crickets ya tsaya a wurinsu.

Duk wanda ya saurari abin da ya ɗauka a waɗannan watanni na ƙarshe zai ji mutum ne da yake shirin buɗe sabon babi. A Oktoban 1958 ya shiga situdiyo a New York da makaɗan goge irin na Turawa, abin da mawaƙan rok ba su saba yi ba. A ɗakinsa kuma yana ɗaukar sababbin waƙoƙi shi kaɗai da jita a ƙaramar na'ura. Yana maganar buɗe situdiyonsa a Lubbock, yana kuma ƙoƙarin fito da wani matashi mai gabatar da shiri a rediyo, Waylon Jennings. Sai dai aljihu babu. Kuɗinsa suna maƙale a Clovis, lissafi bai ƙare tsakaninsa da Petty ba, ga kuma ƙarar da wani dillalin wasanni, Manny Greenfield, ya shigar yana neman kaso, wadda ta ƙara ɗaure kuɗin. Marubuta tarihinsa sun kasu a kan yawan laifin Petty da yawan na shari'ar. Inda ba su kasu ba shi ne, a Janairun 1959 mai waƙoƙin da suka sayu miliyoyi yana neman tsabar kuɗin da zai riƙe gida. Da kamfanin General Artists Corporation ya kawo tayin zagayen hunturu, dole ƙanwar na ƙi ce ta sa ya karɓa.

Zagayen, wanda aka kira Winter Dance Party, ya ƙunshi garuruwa 24 a kwana 24, ba hutun ko kwana ɗaya, aka fara daga Milwaukee ranar 23 ga Janairu. Wanda ya zana hanyar kamar bai buɗe taswira ba. Duba kwanakin ƙarshe kawai: ranar 30 ga wata suna Fort Dodge a Iowa, washegari sun haura arewa can Duluth a Minnesota, washegari sun yi gabas zuwa Green Bay a Wisconsin, washegari sun dawo Iowa, garin Clear Lake, wanda ba shi da nisa da Fort Dodge ɗin da suka baro kwana uku da suka wuce. Daga nan kuma sai Moorhead a Minnesota, kusan kilomita 590, sannan a sake dawowa Iowa. Kowane dare a gama wasa, a loda kaya da hannu, a kwana a zaune cikin tsohuwar bas. Motocin suna ta lalacewa ana sauyawa. Bayan wasan Duluth, bas ɗin ta mutu a daji cikin dare a arewacin Wisconsin, sanyi ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifili. Mai gangunan Holly, Carl Bunch, sanyi ya ci masa ƙafafu har aka kwantar da shi a asibiti, sauran mawaƙan suka riƙa karɓa-karɓa a kan ganguna. Mura ta kama wasu. Babu wanda ya dakatar da zagayen.

Ranar 2 ga Fabrairu ma da farko babu wasa a jadawali, daga baya aka cike gurbin da ɗakin rawa na Surf a Clear Lake. Da suka iso a gajiye, kayan sawarsu duk sun yi datti, Holly ya ce shi kam ba zai sake kwana a bas ba. Ya nemi manajan wurin, Carroll Anderson, ya samo masa jirgi zuwa Fargo, garin da ke maƙwabtaka da Moorhead, don ya samu barci a gado ya kuma yi wanki. Aka kira kamfanin Dwyer da ke Mason City, kuɗin kujera dala 36. Kujerun uku nasa ne da makaɗansa biyu, Jennings da Tommy Allsup. Richardson, mutum mai jiki ga mura tana damunsa, ya roƙi Jennings ya bar masa tasa. Valens ya matsa wa Allsup har suka jefa ƙuri'a, Valens ya ci. Jennings ya sha ba da labarin cewa Holly ya zolaye shi da fatan bas ɗinsu ta daskare, shi kuma ya mayar masa da fatan jirginsu ya faɗi, kuma wannan wasan baki ya bi shi shekaru yana cin ransa. Ana gudun gara aka faɗa wa zago.

Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Amurka ta fitar da rahotonta a Satumban 1959, kuma ya cancanci a fahimce shi, don ya kore jita-jita da yawa. Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai wanda matuƙi yake dogara da idonsa, yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa. Akwai kuma wanda ba a ganin komai, sai dai a dogara da agogunan da ke gaban matuƙi, kuma wannan yana da lasisinsa daban. Peterson yana da awa 711 a sama, ya ci jarrabawar rubutu ta tuƙi da na'ura, amma bai ci gwajin aikin ba, don haka ba shi da wannan lasisi, kamfanin da yake wa aiki ma izinin tuƙin ido kawai yake da shi. Daren kuwa gajimare ya rufe taurari, ana yayyafin dusar ƙanƙara, iska tana kaɗawa, ƙasa kuma gonaki ne ba fitila. A irin wannan duhu jikin ɗan Adam yana yi masa ƙarya: jirgi yana karkata yana gangarawa, kai kana jin kamar hawa kake. Abin da zai cece ka shi ne na'urar da ke nuna kwanciyar jirgi. To, jirgin, ƙirar Beechcraft Bonanza na 1947, yana ɗauke da wata na'urar Sperry wadda take nuna hawa da sauka a akasin irin wadda Peterson ya koya da ita. Masu binciken suka ce mai yiwuwa ya karanta ta a juye, yana gangarawa yana zaton hawa yake. Sun kuma gano cewa an fitar da gargaɗin gaggawa a kan lalacewar yanayi a hanyar, amma masu ba shi bayanin yanayi ba su isar masa da shi ba. Mai kamfanin, Jerry Dwyer, yana tsaye yana kallon fitilar wutsiyar jirgin tana yin ƙasa a hankali har ta ɓace. An yi ta kira ta rediyo ba amsa. Da safe shi ya tashi da wani jirgin ya bi hanyar, ya hango tarkacen.

Rahoton ya ɗora babban laifi a kan shawarar matuƙin ta tashi cikin yanayin da ya fi ƙarfin lasisinsa. A takarda haka ne. Amma ina jin nauyin a jibga komai a kan yaro ɗan shekara 21 da aka kira cikin dare aka ce ga taurari uku zai ɗauka, aka kuma rage masa bayanin da zai sa ya ce a'a. Kafin a zo kansa, akwai wanda ya tsara hanya ba tausayi, akwai wanda ya ba da motar da ba ta da ɗumi, akwai wanda ya riƙe kuɗin da da suna hannun mai su da bai fito ba.

Abin da ya biyo baya ya nuna irin kasuwar. A daren ranar da suka mutu aka yi wasan Moorhead, wani yaron Fargo ɗan shekara 15, Bobby Vee, ya cike gurbi, zagayen kuma ya ci gaba har ƙarshensa, da Jennings da Allsup a ciki. María Elena a talabijin ta ji labarin mutuwar mijinta, mahaifiyarsa kuma a rediyo. Ta ce cikinta ya zube jim kaɗan bayan haka, kuma ba ta halarci jana'izar da aka yi a Lubbock ranar 7 ga Fabrairu ba. Petty ya ci gaba da fitar da sautukan da Holly ya bari, ana ɗora musu kiɗa, har cikin shekarun 1960.

A 1971 mawaƙi Don McLean ya kira wannan rana ranar da kiɗa ya mutu, sunan kuma ya bi ta. Ban yarda da shi duka ba. Gaskiya ne rok an rol na farko yana cikin rauni a lokacin: Elvis yana aikin soja tun 1958, Little Richard ya bar kiɗa ya koma wa'azi. Amma irin da Holly ya shuka ya riga ya tsira a wani wuri. A Liverpool ta Ingila, tun 1958, wasu samari da suka haɗa da John Lennon da Paul McCartney da George Harrison sun tara kuɗi sun ɗauki faifansu na farko, kuma waƙar Holly ce a fuska ɗaya. Da suka zo zaɓar suna, gyaren Holly ya sa suka nemi sunan ƙwaro, aka samu Beatles. Waƙar farko da ta kai ƙungiyar Rolling Stones cikin goman farko a Ingila, a 1964, ta Holly ce. A wasan Duluth, kwana biyu da 'yan awoyi kafin haɗarin, akwai yaro ɗan shekara 17 a gaban dandamali, wanda daga baya ya zama shahararren mawaƙi Bob Dylan, kuma da sunan Holly ya buɗe laccarsa ta kyautar Nobel a 2017. A 1976 McCartney ya sayi haƙƙin waƙoƙin Holly daga hannun Petty. A 1986, da aka buɗe zauren karrama gwanayen rok an rol, Holly yana cikin rukunin farko.

Tabaransa ba a same shi a wurin haɗarin ba sai da ƙanƙara ta narke, aka sa shi a ambulan aka ajiye a kotun gundumar, aka manta da shi har 1980. Yanzu yana cibiyar da aka buɗe da sunansa a Lubbock. A maƙabartar garin, iyayensa sun sa an zana jitarsa a kan dutsen kabarin, suka kuma mayar masa da harafin da Decca ta yar: Buddy Holley.